Tagar da Ta Cinye Safana

A Batsari in ka ji an ce Injiniya, ba wani ake nufi ba sai Jafaru mai shagon cajin waya na bakin tasha. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa aka rubuta da jan fenti a ƙofar shago. Mako uku ya yi a Katsina yana koyon rubuta manhajar kwamfuta, ya dawo da takardar shaida da baƙin tabarau, tun daga ranar kunnen 'yan tasha bai sake hutawa ba. Ana hirar damina sai ya kawo kwamfuta. Akuya ta ɓata sai ya ce ai da an shigar da ita kwamfuta da tuni an gan ta.

Ana nan sai ga Malam Abdulkahar, shugaban wata Islamiyya a Safana, ya sauka daga babur a ƙofar shagon. Jafaru ya fito ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi iyali da ɗalibai da gona, sannan Malam ya faɗi abin da ya kawo shi. Duk shekara ɗaliban Islamiyyoyin Safana da na Batsari kan yi gasar kacici-kacici, bana Safana ce mai masauki. Bara da ƙyar aka rabu lafiya, domin hannun rigar wani ya goge makin da aka rubuta da alli, kowane gari ya rantse shi ne a gaba. Bana tsofaffin ɗalibai sun ba makarantar majigi da kwamfutoci goma. Malam na son a haska maki a bango kowa ya gani, kuma wanda ya yi aikin da kyau shi za a damƙa wa ɗakin kwamfutocin.

"Allah gafarta Malam, ka zo gidan abin," in ji Jafaru. "Wannan aikin ina barci ma zan yi shi."

"A'a, ka dai yi shi ido biyu," in ji Malam.

Kwana biyu Jafaru na kan laftof ɗinsa. Ya zana Batsari a hagu, Safana a dama, kowanne da wurin rubuta sunan ɗalibi da maɓallin ƙara maki a ƙarƙashi. Abin ya yi kyau, ba a ƙi ta gaskiya. Amma da ya kunna, tagar manhajar ta buɗe, wato akwatin da aikin ke bayyana a cikinsa a fuskar kwamfuta, sai ransa ya ɓaci. A haka Surayya ta same shi, ta zo karɓar wayarta. Ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma ita ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata.

"Ɗan mace, wa ya mutu?" in ji ta.

"Dubi rainin wayo. Na ce wa tagar nan ta tsaya a kusurwar sama ta cika fuskar kwamfuta. Ta zo ta tsaya mini a tsakiya, an rage mata tsawo, an ɗaura mata wani goshi da ɗan gicciye a gefe. Ni ban zana goshi ba."

Surayya ta leƙa ta yi dariya. "Ai ba kai ke zana shi ba. Babbar tagar manhaja ba ta ba kanta wuri. Akwai wata manhaja a cikin kwamfutar, manajan tagogi ake ce masa. Taka roƙo take yi, ta ce ina son wuri kaza, girma kaza, shi kuma ya duba fuskar da ke akwai ya ba ta ko ya rage mata. Shi ke ɗaura goshin da ake kamawa a ja taga, shi ke sa maɓallin rufewa, shi ke tsara wadda ke gaba da wadda ke baya. In ka taɓa kibod ma shi ke nuna tagar da za ta ji."

"Wato sarkin tasha ne ya tare a cikin laftof ɗina?"

"Kusan haka."

"To ni da na wajen ma ba ma shiri, balle na ciki. Ni Injiniya, tagata ta yi roƙo?"

"Ka nemi ya cika maka fuskar, zai cika. Layi ɗaya ne za ka ƙara a rubutun manhajar."

"Nema dai! Ke malamar aji ce, kin saba da ɗaga hannu a nemi izini. Mu masu aiki umarni muke bayarwa."

Kafin la'asar ya tono wani layi a intanet wanda ke zare taga daga hannun manaja gaba ɗaya. Ya liƙa. Ya ƙara wani da ke sa tagar ta riƙa turo kanta gaba kowace daƙiƙa, don kada wata ta sha gabanta. Ya buga mata girma daidai da fuskar laftof ɗinsa, ya kafe ta a kusurwa. Da ya kunna sai ga ta fal, ba goshi, ba gicciye. Ya danna maɓallan maki da maus, suka hau. Ya fita ƙofar shago ya kira masu shayi da 'yan acaɓa su zo su ga tagar da ba ta da ubangida.

Da Surayya ta ji labari ta aiko masa da saƙo: "Ka gwada rubutu a ciki? Ka gwada da majigin?" Ya amsa mata da hoton kansa sanye da tabarau.

Ranar gasa tun da hantsi zauren makarantar ya cika. 'Yan Batsari a hagu, 'yan Safana a dama, malamai a kan babban tebur da kofin gasa a gabansu. An rataya tabarmi a rabin tagogin zauren don majigi ya fito. Jafaru ya zo cikin kwat duk da zafin nan, ya kuma ɗauko kakarsu, Kaka Fanta, tun daga ƙauyen Darini, wai ta ga abin da jikanta ya zama. Aka ba ta kujera a gaba, ta ajiye sandarta, ta ce, "To angona, a nuna mana. Ban bar shanuna don kallon kwat ba." Surayya na can layi na biyu cikin malamai mata, ta harɗe hannu.

Jafaru ya kunna manhaja, ya soka wayar majigi, ya juya ya fuskanci jama'a ya buɗe hannuwa. Sai zauren ya fashe da dariya.

Tagar maki na nan kafe a laftof. Majigin kuwa kwamfutar ta ɗauke shi a matsayin fuska ta biyu, abin da ya hasko a bango shi ne hoton da Jafaru ya shimfiɗa a bayan tagoginsa: ga shi ya jingina da wata farar mota, dogayen benaye a bayansa, an rubuta "Injiniya a Dubai" da harufan zinariya.

Hashimu, direban a-kori-kura ɗan Safana, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya miƙe tsaye. "Jama'a, wannan akuyar da ke gindin taya na san ta! Ta ƙauyen Zakka ce, mai yankakken kunne. Yaushe ta yi fasfo?"

"Ƙaramar matsala ce," in ji Jafaru. Ya kai maus zai ja tagar zuwa bango, sai ya tuna ba goshin kamawa. Ya ja ta tsakiya, ya ja ta gefe, ko gezau. Ya buɗe wurin saitin fuska, tagar saitin ta buɗe a baya, tasa ta turo kanta gaba ta rufe ta ruf.

"Ɗan mace, in zo?" in ji Surayya.

"Zauna, ba a aji muke ba."

Ya danne maɓallin wuta har laftof ta mutu, ya sake kunnawa. Minti goma jama'a na fifita da littattafai. Wannan karon ya yi dabara, ya fara saita majigin ya riƙa nuna abin da laftof ke nunawa. Ya buɗe guruf ɗin hirar waya na malaman Islamiyyoyin garuruwan biyu a kwamfutar, inda Malam Abdulkahar ya turo jerin sunayen ɗalibai, ya kwafe su a takarda. Sannan ya kunna manhajarsa, ta rufe komai.

BATSARI ta fito a bango da manyan harufa. 'Yan hagu suka yi tafi. Ɓangaren dama kuwa aka nemi Safana aka rasa. Fuskar majigin ba ta kai ta laftof faɗi ba, da aka haɗa su sai duka biyun suka koma ƙarama, tagar Jafaru kuma an buga mata girmanta da ƙusa, ba mai ikon rage ta. Abin da ya rage na Safana harafin S ne kawai, shi ma rabi, yana leƙe a bakin bango.

"Ina Safana?" in ji wata murya daga dama.

"Ina garinmu?" in ji goma.

"Tana nan," in ji Jafaru, gumi na bin kwat. "Tana ciki, ba a dai ganinta ne."

"A gidanmu, a zaurenmu, da majiginmu, a ce ba a ganinmu?" in ji Hashimu. "Dama an ce kar a ba ɗan Batsari riƙon ma'auni."

Wani dattijo daga hagu ya ce, "Ku yi haƙuri, kowa da girman da Allah ya ba shi." Nan take dama ta ɗauki hayaniya, sai da Malam Abdulkahar ya buga tebur.

"Malam Jafaru, a matsar da majigin mana."

Aka matsar, aka karkata shi, har hasken ya hau kan rawanin wani baƙo. Safana ba ta fito ba, domin ba a bangon ta ɓata ba.

"A fara kawai, Allah gafarta Malam, zan gyara muna tafiya," in ji Jafaru.

Aka kira ɗaliba ta farko daga Batsari. Jafaru ya danna wurin suna ya buga sunanta a kibod, ya danna shigarwa. Ba abin da ya fito. Ya sake bugawa. Wayam. A kan babban tebur kuwa wayoyin malamai suka yi ƙara a tare, amma ba wanda ya kula tukuna. Jafaru ya rubuta "gwaji", ya danna. Ya rubuta "Batsari 100" ya danna. Ya rubuta "Safana 0" ya danna, wai ko lamba ce take so. Kowace dannawa sai wayoyi goma sha biyu su amsa. Haushi ya kama shi, ya sunkuya ya buga da yatsu biyu kamar mai sassaƙa turmi, ya danna da ƙarfi.

Malam Abdulkahar ya ciro wayarsa daga aljihu, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sauran malamai ma kowa ya sunkuya a kan tasa, wani ya toshe baki da gefen rawani.

"Malam Jafaru."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Na turo maka saƙo a guruf na ce, 'Ko mu fara?' Ga amsarka." Malam ya matso da lasifika bakinsa, ya karanta a natse kamar mai karanta sanarwar ɗaurin aure. "Batsari ɗari. Safana sifili. Kai jaki, ka amsa mana."

Zauren ya kife da dariya. Tun da manajan tagogi bai san da zaman tagar Jafaru ba, bai taɓa miƙa mata kibod ba. Duk abin da ya rubuta, tagar guruf da ke ɓoye a baya ita ta karɓa, ta kuma aika.

"Wallahi ba da kai nake ba, Allah gafarta Malam! Da kwamfutar nake!"

"Na yarda," in ji Malam. "Sai dai ni na amsa, ita ba ta amsa ba."

"Sifili tun ba a yi mana tambaya ba!" in ji Hashimu. "Kun ji da kunnenku!"

Kaka Fanta ta juya ga matar da ke kusa da ita. "Mi ya ce wa Malam?" Aka gaya mata. Ta ɗauki sandarta ta ɗora a cinya, ta kafe Jafaru da ido.

"A bar rubutu, maus na aiki!" ya faɗa da ƙarfi. Ɗalibar Batsari ta amsa tambayarta daidai, ya danna, maki biyu ya hau bango. Ɗalibar Safana ta amsa tata daidai, ya kai maus dama, maus ya ci karo da bakin fuska ya tsaya. Maɓallin Safana na can inda Safana take. Cikin ruɗewa hannunsa ya zame ya sake danna na Batsari. Maki huɗu.

Mutanen dama suka miƙe gaba ɗaya. Ɗalibar da ta amsa ta fashe da kuka. Uwarta ta taso daga baya tana gyara mayafi tana tambayar wane ne ɗan kwat ɗin.

"Zan goge! Ga maɓallin gogewa nan!"

Ya danna. Maɓallin gogewa kan fito da 'yar ƙaramar taga mai tambaya ko ka tabbata, manhajar kuma ba ta sake motsi sai an amsa. 'Yar tagar ta fito lafiya lau, manaja ya ba ta wuri a tsakiya, babbar ta turo kanta gaba ta zauna a kanta. Manhaja na jiran amsa, tambaya na ƙarƙashin manhaja. Duk inda Jafaru ya danna sai kwamfutar ta ce ƙiling, kuma da yake an haɗa ta da lasifikar zaure, sai ƙiling ɗin ya fita har bakin titi. Ƙiling. Ƙiling. Batsari huɗu ta tsaya a bango kamar an sassaƙa.

"Taga ce ta ƙi rufuwa!" Jafaru ya yi ihu. "A rufe tagar nan a huta!"

Wasu bayin Allah masu son taimako suka ruga suka rufe tagogin zauren duka. Iska ta ɗauke, duhu ya sauka, zafi ya taso, jarirai suka fara tsala kuka. Wani ya taka ƙafar wani, wani ya ture butar ruwan malamai. Jafaru ya danna maɓallan da ake rufe taga da su a kibod, manaja ya yi aikinsa tsaf, ya rufe tagar guruf da ke baya, ya bar ta Jafaru da bai sani ba.

Sai aka ji sanda ta bugi siminti sau uku.

"A buɗe mana iska kar mu dahu," in ji Kaka Fanta. Aka buɗe. Ta nuna Jafaru da sanda. "Kai, tashi daga kujerar nan. Surayya, ɗiyar ɗana, zo ki kwance abin da mijin nan nawa ya ɗaure. Saniyar da ta ƙi makiyayi ai ba 'yanci ta samu ba, gonar mutane za ta faɗa."

"Kaka, saura kaɗan..."

"Saura kaɗan Safana ta cinye ka ɗanye. Tashi."

Ya tashi. Surayya ta zauna, ta danna maɓallai uku a tare, bango ya koma baƙi ƙirin da 'yan fararen rubutu. Jama'a suka ce, "Ta ƙone!" Ta rubuta layi ɗaya, ta dawo, tagar Jafaru ta ɓace. Ta buɗe rubutun manhajar.

"Wanne ne layin naka na intanet?"

Ya nuna da yatsa, bai dubi kowa ba. Ta goge shi, ta goge mai turo kai gaba, ta goge girman da ya buga. A wurinsu ta rubuta roƙo guda, cewa manaja ya cika mata fuskar da ke akwai. Ta kunna.

BATSARI a hagu, SAFANA a dama, kowacce da sifilinta, daidai wa daida. Zauren ya ɗauki kabbara da tafi, har da 'yan Batsari. Surayya ta buga sunan ɗalibar da ta yi kuka, sunan ya fito a bango, yarinyar ta share hawaye tana murmushi.

"Aikin nawa ne fa," in ji Jafaru a hankali. "Layi uku kawai ta taɓa."

"Haka ne," in ji Surayya. "Ukun da ka fi alfahari da su."

Aka yi gasa lafiya, Safana ta ci da maki biyu, ba wanda ya yi musu. Da za a tashi Malam Abdulkahar ya ɗauki lasifika ya gode wa kowa, ya ce Malama Surayya za ta riƙa zuwa ranakun Asabar ta kula da ɗakin kwamfutoci. "Shi kuma Malam Jafaru," in ji shi, "ƙofa a buɗe take. Aji na farko akwai benci, kuma ba a kiran kowa jaki a ciki."

Da azahar Jafaru ya saka Kaka a gaban motar Darini, shi kuma ya naɗe kwat ɗinsa ya cusa a leda, ya zare tabarau, ya haye bayan wata a-kori-kura mai zuwa Batsari, ya zauna a kan buhun dawa. A hanya aka ɗauki wani mai sayar da gyaɗa wanda bai je zauren ba, amma labari ya riga ya same shi a kasuwa. Tun kafin ya zauna ya fara.

"Kun ji abin da wani sakarai ɗan Batsari ya yi yau? An ce ya ɓatar da Safana ɗungurungum a cikin kwamfuta, ya zagi malamai goma sha biyu a numfashi ɗaya, sai da wata mata ta zo ta tono garin." Ya dubi Jafaru. "Malam, kai da alama ɗan can ne. Ka san shi?"

Fasinjojin da suka halarci gasar kowa ya zuba wa Jafaru ido. Shi kuwa ya gyara zama a kan buhu, ya girgiza kai cikin takaici.

"Farin sani," in ji shi. "Sau nawa ina gaya masa taga roƙo take yi, ba umarni ba. Yaran yanzu ba sa jin magana."